Inda Malam Atiku Ya Yanke

Juwairiyya ta shigo shagon Zayyanu da kwamfutar a naɗe cikin zanen gado, ta rungume ta a ƙirji. Ƙanenta Yazid yana biye da ita, amma bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, inda buhunan albasar maƙwabci suka tare rabin hanya, yana kallon titin Wurno kamar wani yake jira.

Gyaran waya da kwamfuta Zayyanu yake yi, kuma ba a makaranta ya koya ba. Shi ya haɗa wa Juwairiyya wannan tsohuwar kwamfuta lokacin da ta fara koyarwa a Rabah, shi ya zuba mata duk abin da ke cikinta. Shi ta kira bayan an share makokin mahaifinta, Malam Atiku, ta faɗa masa abin da ya faru a taƙaice. Abu ɗaya ya ce mata a waya, kada ta kunna ta.

"Malama, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam, shi kyautata namu zuwan."

"Amin, Malam Zayyanu. Haƙuri sai ma'abucinsa."

"Ba ki kunna ta ba ko?"

"Ban ko buɗe murhin ba."

Ya leƙa waje. "Yazidu, shigo mana. Albasar ga ba ta gudu, ba ta son mai gadi."

Yazid ya shigo ya zauna a ƙarshen benci. Ya rame ƙwarai tun ganin da Zayyanu ya yi masa na ƙarshe. Duk garin an san labarinsa. Damina biyu da suka wuce shi da autansu Umar Faruk suna gonar shinkafarsu a bayan madatsar ruwan Goronyo, 'yan bindiga suka ɓullo daga daji. Babur ɗaya ne a gonar. Yazid ya hau ya tsere. Shi yana cewa ya kira Faruku har sau uku bai ji ba, saboda ƙarar injin ban ruwa. Wasu suna cewa bai ko waiwaya ba. An samu gawar yaron a bakin kwarin ruwa da yamma. Tun ranar Malam Atiku bai sake amsa gaisuwar Yazid ba, shi kuma ya tattara ya dawo Wurno yana dakon albasa a kasuwa.

"Hwaɗa mini daga farko," in ji Zayyanu. "Da sannu. Abin da kika gani ƙarami na iya zama shi na babba wurina."

Ta faɗa masa. Da ciwon tsohon ya yi nauyi, ya ce yana son ya bar wa jikoki labarin gidansu da bakinsa. Duk ƙarshen mako sai ta tashi daga Rabah ta je ƙauyen, ta jawo waya daga janaretan maƙwabcinsu mai cajin wayoyi, ta ɗora kwamfutar a kan tabarma kusa da shimfiɗarsa tana ɗaukar muryarsa. Ya ba da labarin inda kakanninsu suke kamun kifi tun kafin a gina madatsar, da yadda ruwa ya cinye tsohon ƙauyen, da sunayen kifayen da ba a ƙara gani ba. Ya zo kan 'ya'yansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa albarka. Da ya iso kan Yazid muryarsa ta canza.

"Mi yac ce?" Yazid ne ya tambaya, bai ɗago kai ba.

"Ka san abin da yac ce."

"Ina son in ji daga bakinki."

"Ba ni maimaita shi, Yazidu. Ko da wuƙa."

Ta juya ga Zayyanu ta ci gaba. Mako na gaba da ta koma, tsohon ya sa ta kunna masa ƙarshen. Ya saurara idonsa a rufe. Da aka iso inda ya ambaci Yazid, ya ɗaga hannu ya ce ta yanke daga nan, ta zubar da sauran. Ta yanke. Ya ce ta sake kunna ɗauka daga inda ta yanke, ta fita, kada ta shigo sai ya kira ta, don magana ce tsakaninsa da ɗansa.

"Na hita tsakar gida. Ban daɗe da zama ba anka yi kiran la'asar, maƙwabcin ya kashe janareta awa yadda ya saba. Nac ce cikin raina batir na riƙewa, don wani lokaci shina ɗan riƙewa. Ina jin muryar Baba ta bango, ba ni jin kalmomin. Ya daɗe shina magana, Malam Zayyanu. Ya daɗe ƙwarai. Da yak kira ni nish shiga, nit tarar da kwamfutar baƙa ƙirin. Shi idanunshi sun yi hazo, bai gani ba. Yac ce mini, na gama, ki kai mishi."

"Ba ki hwaɗa mishi ta mutu ba?"

"Na ga ya gaji, hankalinshi ya kwanta. Nac ce gobe da sahe mu sake." Ta gyara mayafinta. "Da sahe bakinshi ya riga ya karkace. Bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinshi."

A waje wani direba yana faɗa da masu lodin tafarnuwa.

Zayyanu ya kwance zanen, ya kifa kwamfutar, ya ɗauko sukudireba. Ya ciro faifan ajiyarta, ya haɗa shi da tasa kwamfutar ta hanyar da za ta iya karantawa amma ba za ta iya rubuta komai a kai ba. Ya sa ta kwafe shi gaba ɗaya, har wuraren da faifan yake cewa babu komai a cikinsu.

"Don mi ba ka kunna ta kawai mu ji?" in ji Yazid. "Ko sai an yi bokanci tukuna?"

"Bokancin ke nan nika yi. In na kunna ta, abu na farko da za ta yi shi na ta share abin da kaz zo nema."

"Haka kawai? Mugunta?"

"A'a. Gaskiya ta gare ta, irin tata."

Ya jawo kujerarsa ya fuskance su. Ya ce su ɗauki faifan kamar fadama, kowane fayil kamar gonar mutum guda, da turken da ke nuna inda ta tsaya. Kwamfuta ba ta taɓa turke kai tsaye. Tana da wani keɓaɓɓen wuri a faifan inda take fara rubuta niyyarta, za ta matsar da turken gonar wane daga nan zuwa can, za ta saki filin da ya rage. In ta gama rubuta niyyar sai ta buga mata hatimi, sannan ta je ta aikata. In wuta ta ɗauke, da ta farka wurin niyyar take fara dubawa. Duk niyyar da ke da hatimi sai ta cika ta, ko da an yi shekara. Wadda ba ta da hatimi sai ta watsar, kamar ba a taɓa yin ta ba. Ba ta yarda da rabin aiki, don rabin aiki shi ke sa gonar wani ta shiga ta wani.

"To yankan da Baba ya sa anka yi?" in ji Juwairiyya.

"Shi nika dubawa."

Ya daɗe yana bin layukan da ke gudu a allon. Zafin rana ya sauko ta kwanon rufin, fankar da ke kan tebur tana kaɗa iska mai ɗumi. Yazid ya fita ya sha ruwa a randar masallaci ya dawo.

"Yankan ya samu hatimi," in ji Zayyanu a ƙarshe. "An jawo turke baya, an saki sauran. Wanga ya tabbata, ba mai tada shi."

Juwairiyya ta sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. To ƙarin?"

"Ƙari ba awa yanka ba na. In za a yanke, turke aka fara jawowa. In za a ƙara, shuka aka fara yi bayan turke, sai ta kama sannan a matsar da turken shi haɗa da ita. Ta fara zuba sabuwar maganar Malam bayan turke. Ta fara rubuta niyyar matsar da shi. Hatimin na ba ta kai ga bugawa ba."

"Ke nan babu?"

"Wurinta babu. Amma abin da ta zuba shina nan kwance. Kaɗan na, don wutar ba ta daɗe ba."

Yazid ya miƙe tsaye. "To kunna."

"Zamna, ban gama ba." Zayyanu ya shafa gemunsa. "Hilin da anka saki ba a share shi. Tsohuwar maganar tana nan cikinshi awa kututturan dawa bayan girbi. Da ta tashi ƙari, hilin da ke kusa da turke ta kama, wato wannan dai da ta saki. Sabuwar maganar ta hau kan tsohuwar ta danne farkonta. Inda sabuwar ta ƙare, tsohuwar na ci gaba. Kuma ba a rubuta ko'ina ba inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta tashi. Don haka na kwamfuta ba ta barin kowa shi leƙa bayan turke. Ni na iya leƙawa, don na zagaya ta baya. Amma ban san inda zan tsaida ba sai na ji."

"Sai ka ji kai kaɗai," in ji Juwairiyya da sauri. "Sa abin kunne. Ka ciro muna sabuwar, ka bar waccan inda Baba ya yar da ita."

"Haka ni ma nig gani."

"A'a," in ji Yazid.

"Yazidu."

"Yaya, ubana na. Ba uban Zayyanu ba na. Ke kin ji, shi za ya ji, ni da anka yi maganar domina ni za a tace ma awa kunun jinjiri? In ya sa abin kunne yac ce ga iyakarta, da mi zan san bai rage ba don tausai?"

"Baba yac ce a zubar."

"Baba yac ce ki kai mini. Ba ke kika hwaɗi ba yanzu?"

Zayyanu ya dube su su biyun. Ya san amanar mamaci tana wuyan Juwairiyya, ya kuma san ba ya da hujjar da zai hana ɗa jin muryar ubansa. Ya yi tunanin cewa shi bai iya ba, a kai wani wuri. Amma ba wani wurin, kuma ƙarya ce.

"Zan sa hannu bisa maɓalli," ya ce. "Da na ji ta canza zan tsaida."

"Ka taɓa shi in karya hannun," in ji Yazid. Bai ɗaga murya ba.

Zayyanu ya ɗebo abin da ke bayan turken, ya manna shi a wani sabon fayil, ya jona sifika. Ya fara daga ɗan baya kaɗan, cikin maganar da ta tabbata. Muryar Malam Atiku ta cika shagon, mai kauri, da ƙarar janareta a bayanta. Yana sa wa wata 'yarsa da ke aure a Kwargaba albarka, yana cewa Allah ya ba ta masu yi mata yadda ta yi masa. Sai aka ji ɗan ƙas.

Muryar da ta biyo baya ta wani mutum ce da ya fi wancan tsufa, ko da yake mako ɗaya ne tsakani. Aka ji ƙarar ƙofar langa-langa, aka ji tari, aka ji yana gyara kwanciya.

"Yazidu," in ji muryar. "Yazidu, ɗana. Zamna ka ji. Na daɗe ina juya maganar ga cikin raina, ban iya barci da ita. Ran da anka kawo Faruku, ni da kaina nid duba ƙahwahunshi, nig ga..."

Ƙas.

"...yahe mishi ba, duniya da lahira. Wanda ya bar ɗan'uwanshi ga bindiga ya hau ƙarhe, kada shi taɓa makarata, kada shi zuba mini ƙasa. Na cire shi cikin..."

Juwairiyya ta yi tsalle ta fizge wayar sifikar daga bango.

Yazid yana tsaye, hannuwansa a sake. Zayyanu ya tuna an ce ranar jana'izar Malam Atiku a bayan sahu Yazid ya tsaya, bai matsa kusa da kabarin ba, alhali a lokacin bai ji wannan ba.

"Waccan tsohuwar ta," in ji Juwairiyya. "Wallahi tsohuwar ta, Yazidu. Kalma da kalma ita ta wadda nij ji da farko. Ita ya sa nay yanke. Malam Zayyanu, hwaɗa mishi."

"Tsohuwar ta," in ji Zayyanu. "Ka ji ƙas ɗin. Ka ji muryar ta koma da ƙarhi. Ga shi nan ma bisa allo, dubi inda zanen muryar ya tashi tsaye lokaci guda. Mutum ba shi yin haka da maƙogwaro."

Yazid bai dubi allon ba. "Mi yag gani ga ƙahwahun Faruku?"

Ya juya ga Juwairiyya.

"Yaya, kin ga gawar?"

"Mata ba su gani ba."

"To mi yag gani? Ya ga alamar ya yi gudu ya bi ni? Ko ya ga ya tsaya cikin laka bai ji kirana ba?" Ya juya ga Zayyanu. "Sauran na ina? Ta ce ya daɗe shina magana."

"Bai shiga ba. Ba wuta. Ba inda ya sauka."

"Duba dai."

"Na duba, Yazidu. Abin da bai taɓa hwaihwan ba, ba mai ciro shi."

Yazid ya koma ya zauna a bencin. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To ku hwaɗa mini, ku masu ilimi. Mutum ya yanke magana don shi janye ta, ko don shi sake hwaɗinta da kyau?"

"Ya ce maka ɗana," in ji Juwairiyya. "Shekara biyu bai kira sunanka ba, ya ce maka ɗana. Kuma na ga huskarshi da nish shiga. Huskar wanda ya sauke kaya ta."

"Wanda ya gama tsinuwa ma ya sauke kaya."

"Kai dai ba ka son a ce an yahe maka."

"Ina so, Yaya. Ba abin da nika so duniya awa shi. Amma ba ke za ki yahe mini ba."

Zayyanu ya juyo ya fuskanci Yazid. Shi mutum ne mai son ya ga ƙarshen kowace tambaya, kuma ya ga wannan ba ta da shi. Da ya buɗe baki, abin da ya sani kawai ya faɗa.

"Abu ɗaya na tabbatacce. Malam ya sa an yanke, kuma yankan ya kammala da ranshi da hankalinshi. Waccan maganar ya janye ta daga abin da ya bar ma jikoki. In na maida hwaihwan na kunna, abin da za a samu ke nan, labarin gida da albarkar 'yan'uwanka, shi tsaya nan. Ba tsinuwa."

"Ba ni kuma."

"Ba kai."

"An bi ɗiya duka an sa albarka, an zo kaina an yi shiru." Yazid ya ciro wayarsa daga aljihu, wata ƙarama mai tsagaggen gilashi, ya ajiye a kan tebur. "Zuba mini wanda munka ji. Duka, har inda ya ƙare."

"Ba da yawuna ba," in ji Juwairiyya. "Malam Zayyanu, kwamfutata ta, amanar ubana ta. Wanda ya ba shi waccan maganar, shi da Allah."

"Gara ita da babu, Yaya. Aƙalla ya ambace ni."

"Ya ambace ka cikin sabuwar."

"Rabin magana."

Zayyanu ya ɗauki wayar ya jona ta. Ya buɗe fayil ɗin da ya haɗa, ya kai alamar daidai inda zanen muryar ya tashi tsaye, ya yanke, ya zubar da abin da ke gaba. Ya tura guntun da ya rage cikin wayar, ya miƙa masa.

"Abin da yac ce a kai maka ke nan, iyakar wanda ya iso. Waccan ya ce a zubar. Ban da ikon ba ka ita."

Yazid ya karɓa ya dubi tsawon abin a allon wayar. "Kai ma ka yanke."

"Na yanke."

"Da ka yi tun farko."

"Da na yi, da ba ka yarda ba."

Bai musa ba. Ya tashi ya fita.

Zayyanu ya mayar da faifan cikin kwamfutar Juwairiyya, ya ɗaure sukurorin, ya jona ta da wuta. Ya tambaye ta da ido, ta gyaɗa kai. Ya danna. Kwamfutar ta yi ɗan jinkiri kafin ta buɗe, tana duba wurin niyyarta, tana cika abin da ke da hatimi, tana watsar da wanda babu. Sannan hoton allo ya fito kamar kullum. Fayil ɗin yana nan da sunan da ta sa masa, ya tsaya daidai inda tsohon ya ɗaga hannu.

"Kwahin da ke wurinka hwa?" ta ce.

"In kin ce in goge, in goge yanzu gabanki."

"Goge."

Ya goge, ya bi wurin da rubutun banza don kada wani ya zagaya ta baya kamar yadda shi ya yi. Ta naɗe kwamfutar a zanen, ta yi godiya, ta ce za ta nemi motar Rabah kafin rana ta yi sanyi.

Da Zayyanu ya raka ta bakin ƙofa suka ga Yazid bai yi nisa ba. Yana zaune a kan wani buhun albasa a gefen titi, wayar manne da kunnensa. Juwairiyya ta kira shi, bai ji ba. Daga inda suke suna iya jin siririyar muryar tsohon tana fita, ta yi tari, ta kira sunansa, ta zo kan ƙafafun Faruku ta tsaya. Duk lokacin da ta tsaya leɓunan Yazid sai su ci gaba da motsi, suna ƙarasa maganar da abin da ya ji a shago. Sannan ya danna ta sake farawa.